Amfilifayar jita mai bawul: Tsohuwar ƙira, sabon zubi ko kwaikwayo?

Fiye da shekaru 70 bayan ƙirƙiro taransisto, wanda ya kori bawul daga cikin akwatunan rediyo da talabijin, har yanzu makaɗan jita mai lantarki a sassa da dama na duniya sun ƙi rabuwa da wannan tsohuwar fasaha.

Manyan makaɗa a Amurka da Birtaniya da Japan na kashe dubban daloli wajen mallakar amfilifayar da aka ƙera a shekarun 1950 da 1960, domin a ganinsu babu wata sabuwar na'ura da ke fitar da amo irin nata.

Wannan rububi ya sa kasuwar ta rabu gida uku.

Akwai tsohuwar ƙira ta asali, wadda ta fito daga masana'anta tun wancan zamani. Akwai sabon zubi, wato samfurin da kamfanin da ke riƙe da sunan ya sake fitarwa a yau. Akwai kuma kwaikwayo, wanda ƙananan maƙera ke haɗawa da hannu bisa tsohuwar taswira.

Kowannensu na da farashinsa da amfaninsa da kuma haɗarinsa, kuma wanda ya yi zaɓen tumun dare na iya asarar kuɗi mai yawa, wani lokacin ma har da lafiyarsa.

Mene ne bawul?

Bawul wata 'yar kwalbar gilashi ce mai kama da ƙwan lantarki, wadda aka zuƙe iskar cikinta aka toshe.

Waɗanda suka yi zamani da tsofaffin akwatunan rediyo, waɗanda sai an kunna su an jira sun ɗauki zafi kafin su fara magana, sun san aikinsa ko da ba su taɓa ganinsa ba.

Wani injiniya ɗan Birtaniya, John Ambrose Fleming, shi ne ya ƙirƙiro na farko a shekarar 1904. A 1906 kuma Ba'amurke Lee de Forest ya ƙara masa wata waya a tsakiya, abin da ya ba shi ikon ƙara ƙarfin sauti.

A 1947 ne masana a cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka suka ƙirƙiro taransisto, wanda ya fi bawul ƙanƙanta da araha, ba ya fashewa, ba ya kuma cin wuta sosai.

To amma makaɗan jita sun lura da wani abu. Idan aka ƙure ƙarar amfilifaya mai bawul fiye da ƙima, muryarta kan dushe a hankali, ta koma wani gurnani mai daɗin ji. Amfilifayoyin taransisto na farko kuwa, da zarar sun kai iyaka sai amonsu ya yi kaushi kamar an tsaga kwano.

A shekarar 1973 wani injiniyan sauti mai suna Russell Hamm ya wallafa wata maƙala da ta yi fice, inda ya nuna cewa bambancin na'urorin biyu ya fi fitowa ne a lokacin da aka ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu.

Wannan gurnani, wanda injiniyoyin farko suka ɗauka aibi ne, shi ne ya zama ginshiƙin kiɗan blues da rock.

Samfuran da ake rububi

Sunaye uku ne suka mamaye tarihin wannan na'ura, wato Fender da Vox da Marshall.

Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, kuma a 1946 ya kafa kamfanin da ke ɗauke da sunansa.

Masu tara kayan tarihi na raba amfilifayoyinsa bisa kamanninsu. Akwai na shekarun 1950 da aka lulluɓe da wani yadi mai ruwan rawaya, waɗanda ake kira Tweed. Akwai masu baƙar fuska na 1963 zuwa 1967, sai kuma masu fuskar azurfa da suka biyo baya har zuwa farkon shekarun 1980.

A watan Janairun 1965 Leo Fender ya sayar da kamfanin ga tashar CBS a kan dala miliyan 13. Daga 1968 injiniyoyin sabon kamfanin suka shiga sauya tsarin wasu samfuran, abin da makaɗa da yawa ba su ji daɗinsa ba. Wannan ne ya sa har yau kayan da aka ƙera kafin cinikin suka fi daraja a kasuwa.

A Birtaniya kuwa, Tom Jennings da Dick Denney ne suka fitar da Vox AC15 a 1958 a garin Dartford, sannan AC30 a 1959, wadda ƙungiyoyin The Shadows da The Beatles suka yi suna da ita, daga bisani kuma Brian May na ƙungiyar Queen.

Shi kuwa Jim Marshall makaɗin ganga ne mai kantin kayan kiɗa a unguwar Hanwell da ke yammacin Landan.

Da yake kayan Amurka na da tsada a lokacin, a 1962 shi da abokan aikinsa Ken Bran da Dudley Craven suka ɗauki tsarin Fender Bassman suka haɗa tasu, wadda suka kira JTM45.

Wato dai amfilifayar Marshall ta farko ita kanta kwaikwayo ce. Amma saboda sun yi amfani da lasifikar Celestion da taransifomar Ingila da wasu bawul daban, sai ta fito da wani amo nata na kanta.

Masana na yawan kawo wannan misali domin nuna cewa taswirar wayoyi kaɗai ba ita ce ke yanke hukunci a kan sauti ba.

Tsohuwar ƙira: daraja da ɗawainiya

Masu cewa da tsohuwar zuma ake magani na da hujjojinsu.

Na farko, ita ce ainihin abin da aka ji a faya-fayan da suka yi tashe. Eric Clapton ya yi amfani da wata Marshall a kundin da ya yi da John Mayall a 1966, kuma Neil Young ya shafe shekaru da dama yana kiɗa da wata ƙaramar Fender Deluxe ta 1959, wadda aka ce ya saya a kan dala 50 a 1967.

Na biyu, an haɗa ta ne da hannu, kowane ƙaramin sashe an liƙa shi da dalma a fili, saboda haka duk mai gyaran da ya san aikinsa zai iya cire wanda ya lalace ya sa wani.

Na uku, kadara ce. Sabuwar amfilifaya na rage daraja daga ranar da ta bar kanti, amma tsohuwar da ke cikin ƙoshin lafiya takan riƙe farashinta, wani lokacin ma ta ƙara. Fender Bassman ta 1959 wadda ba a taɓa ba takan kai dala dubu 10 ko fiye.

To sai dai na'urar da ta shekara 60 ba ta rasa ciwo.

Akwai wasu sassa da ake kira kafasito, masu tace wuta, waɗanda ruwan sinadarin cikinsu ke bushewa da daɗewa. Idan suka gaji, amfilifaya kan riƙa gunji, idan kuma suka fashe suna iya ƙona taransifoma, wadda ita ce mafi tsada a cikin na'urar.

Haka nan ƙananan sassan da ke rage ƙarfin wuta, waɗanda ake kira razisto, tun a masana'anta ana yarda su kauce wa ma'auninsu da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, kuma zafi da shekaru na ƙara kautar da su.

Wannan ne dalilin da ya sa za a iya samun amfilifaya biyu samfuri ɗaya, shekara ɗaya, amma ɗaya ta yi zaƙin murya ɗaya kuma ta yi lami. Tsufa kaɗai ba ya tabbatar da nagarta.

A nan ne mai ita ke shiga tsaka mai wuya. Idan ya sauya sassan domin ta yi aiki lafiya, masu tara kayan tarihi za su rage mata kuɗi. Idan ya bar su yadda suke, ba zai iya dogara da ita a dandamali ba.

Galibin masu gyara na ba da shawarar a sauya kafasito masu tace wuta da wayar wuta, a kuma adana tsofaffin a cikin leda domin wanda zai saya a gaba. Abin da ke karya farashi sosai shi ne sauya taransifoma ko lasifika ko rigar akwatin, ko kuma huda ƙarfen jikinta.

Haɗarin wuta

Akwai kuma batun rai.

Amfilifayoyin Amurka na wancan zamani sun zo ne da fulogi mai baki biyu, ba tare da wayar kariya da ke sauke wuta zuwa ƙasa ba. A maimakonta an sa wani kafasito tsakanin wayar wuta da ƙarfen jikin na'urar, wanda masu gyara ke yi wa laƙabi da kafasiton ajali.

Idan ya lalace, wuta kan bi ƙarfen ta shiga tsirkiyar jita, daga nan ta shiga jikin makaɗi.

Tarihi ya nuna abin da rashin wayar kariya ke jawowa a kayan kiɗa. A watan Mayun 1972 wuta ta kashe Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows a kan dandamali a birnin Swansea, lokacin da ya taɓa makirufo. A 1976 kuma Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar The Yardbirds, ya mutu a gidansa sakamakon jan wuta yana kaɗa jita.

Saboda haka duk wanda ya sayi tsohuwar ƙira, aikinsa na farko shi ne ya kai ta wurin ƙwararre a sa mata fulogi mai baki uku, a kuma cire wancan kafasito.

Kazalika, a cikin kowace amfilifaya mai bawul, tsohuwa ko sabuwa, akwai wutar da ke kai ɗaruruwan bolt, kuma tana iya zama a ciki ko bayan an zare fulogi. Wanda bai san aikin ba kada ya sa hannu a cikinta.

Yadda ake gane ta asali

Duk inda kuɗi ya yi yawa, 'yan damfara ba sa nisa.

Akan ɗauki amfilifaya mai fuskar azurfa a sa mata baƙar fuska a sayar a matsayin ta 1965, ko a tattaro sassa daga wurare daban-daban a haɗa a ce gangariya ce. Samfuran Marshall na shekarun 1960 na cikin waɗanda aka fi yi wa jabu.

Masu sanin harkar na duba lambobin da ke jikin sassa. A Amurka kowane kamfani na da lambarsa: 220 na nufin lasifikar Jensen, 137 na nufin kamfanin CTS, 606 kuma taransifomar Schumacher. Bayan lambar kamfani sai ta shekara, sai ta mako.

Misali, taransifoma mai lamba 606-5-21 a cikin Fender mai baƙar fuska na nufin an yi ta ne a mako na 21 na shekarar 1965.

A cikin akwatin Fender kuma akwai wata takarda mai nuna jerin bawul, wadda aka buga wa haruffa biyu. Na farko shekara ne, na biyu wata. Harafin A na nufin 1951, saboda haka OA na nufin Janairun 1965.

Idan kwanakin sassan suka yi kusa da juna, alama ce mai kyau. Idan kuwa an ga ɗaya ya yi nisa da shekaru, to an taɓa ta, kuma ya kamata farashi ya nuna haka.

Haka kuma sabuwar dalma na ƙyalli, tsohuwa kuwa ta dushe, saboda haka ido mai sani na iya gane wurin da aka yi gyara.

Sabon zubi: suna da garanti

Ganin yadda farashin tsofaffin kaya ke hauhawa, kamfanonin da ke riƙe da sunayen suka fara sake fitar da su.

Marshall ya dawo da samfurin da Clapton ya yi amfani da shi a 1989. Fender ya fitar da sabon zubin Bassman ta 1959 a shekarar 1990, sai Twin Reverb da Deluxe Reverb na 1965 a farkon shekarun 1990.

Amfanin wannan zaɓi a fili yake. Kaya ne sabo, mai garanti, wanda ya cika ƙa'idojin kariya na zamani, kuma idan an sace shi ko ya lalace a hanya ana iya shiga kanti a sayi wani irinsa.

Farashinsa kuma bai kai na asali ba, shi ya sa kamfanonin da ke ba da hayar kayan kiɗa a manyan bukukuwa suka fi ajiye shi.

Amma kama da wane ba ta wane.

Galibin sabon zubi an haɗa shi ne a kan allon da inji ya buga wa hanyoyin wuta, irin wanda ke cikin rediyon zamani. Taransifoma da lasifika da katakon akwati duk na yau ne. Sunan Jensen na nan a kan lasifika, amma yanzu wani kamfani ne a Italiya ke ƙera ta.

Tun daga 2006 kuma dokar Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma mai guba da wasu sinadarai a kayan lantarki, saboda haka ko da kamfani ya so, ba zai iya maimaita komai yadda yake a da ba.

Injiniyoyi da dama na cewa allon inji ba ya ɓata sauti idan an tsara shi da kyau, kuma Marshall kansa ya koma amfani da shi tun 1973. Matsalarsa ita ce gyara, domin sai an kwance abubuwa da yawa kafin a kai ga sashen da ya mutu, kuma zafin ƙarfen liƙi na iya ɗaye siraran hanyoyin da ke kansa.

Domin amsa wannan ƙorafi, kamfanonin uku duk suna da wani rukuni na musamman da ake haɗawa da hannu, wanda farashinsa kan kusa ninka na gama-gari. A 2004 ma Fender ya gyara sabon zubin Bassman, ya mayar masa da akwatin katako irin na asali.

Wani abin lura shi ne, sunan ne ya ci gaba, amma masu shi sun sauya. Ma'aikatan Fender ƙarƙashin William Schultz sun sayi kamfanin daga CBS a 1985. Kamfanin Korg na Japan ya mallaki Vox a 1992, kuma yawancin kayansa a ƙasashen Asiya ake ƙera su. Marshall ya haɗe da kamfanin Zound na Sweden a 2023, sannan a 2025 wani kamfanin zuba jari na China, HongShan, ya sayi mafi yawan hannun jarinsa.

Kwaikwayo: aikin hannu ba tare da tambari ba

Rukuni na uku shi ne na ƙananan maƙera.

Doka ba ta hana su ba, domin haƙƙin mallakar fasaha ba ya wuce shekaru 20, kuma Leo Fender kansa ya ɗora aikinsa ne a kan tsare-tsaren kamfanonin RCA da Western Electric. Abin da doka ta hana shi ne liƙa tambarin wani kamfani a jikin kaya, wanda a nan ne kwaikwayo ke rikiɗewa ya zama jabu.

Kamfanin Victoria na Mark Baier a jihar Illinois ya yi suna tun shekarun 1990 wajen maimaita samfuran Tweed dalla-dalla. Matchless, wanda aka kafa a 1989, ya ɗora aikinsa a kan tsarin Vox AC30. Ceriatone a Malesiya da Mojotone a Amurka na sayar da haɗaɗɗu da kuma sassa ga mai son ya haɗa da kansa.

Sau da yawa kwaikwayo mai kyau ya fi sabon zubi kusanci da asali ta fuskar ƙira, domin maƙerin na iya zaɓar irin katakon da irin taransifomar da aka yi amfani da su a da. Yana kuma iya biyan buƙatar mai saye, kamar rage ƙarfi ko daidaita ta da wutar ƙasarsa.

Akwai ma samfuran da ba a iya samunsu sai ta wannan hanya.

Alexander Dumble, wanda ya rasu a 2022, ya ƙera amfilifaya kusan 300 ne kawai a rayuwarsa, ga makaɗa irin su Carlos Santana da Robben Ford da Stevie Ray Vaughan. Yakan zuba wani danƙo a kan sassan domin kada a kwafe su, amma duk da haka an kwafa. Wasu daga cikin na asalin sun haura dala dubu 100.

Haka ma Ken Fischer mai Trainwreck a jihar New Jersey, wanda ya rasu a 2006, wanda a maimakon lamba yakan raɗa wa kowace amfilifaya sunan mace.

Raunin kwaikwayo shi ne rashin tabbas. Nagartarsa ta dogara ne kacokan a kan hannun da ya haɗa shi, kuma wanda ɗan koyo ya haɗa a gida na iya zama haɗari.

Idan maƙerin ya rufe shago, garanti ya tafi. A wajen sayarwa kuma shi ne ya fi faɗuwa, musamman idan sunan maƙerin ba sananne ba ne.

Su kansu bawul ɗin

Duk wanda aka zaɓa cikin ukun, ba a tsira daga sayen bawul ba, domin yana ƙarewa kamar ƙwan fitila. Manyan da ke ba da ƙarfi kan buƙaci sauyi bayan shekara ɗaya ko biyu ga mai kiɗa kullum, ƙananan kuwa sun fi daɗewa.

Manyan masana'antun da suka yi fice a da, irin su RCA da General Electric a Amurka, da Mullard a garin Blackburn na Ingila, da Telefunken a Jamus, duk sun daina ƙera shi tun shekaru da dama. Ragowar kayansu da ba a taɓa amfani da su ba na ƙara ƙaranci da tsada.

Sababbin na fitowa ne daga masana'antu ƙalilan, musamman ta birnin Saratov a Rasha, mallakar Ba'amurke Mike Matthews, da ta JJ Electronic a Slovakia, da wasu a China. Bawul ɗin da ake sayarwa sabo a yau da sunan Mullard ko Tung-Sol daga Saratov yake fitowa.

A 2019 babbar masana'antar Shuguang ta China ta dakatar da aiki. A watan Maris na 2022 kuma, bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine, Rasha ta sanya takunkumi a kan fitar da kayayyaki kusan 200, lamarin da ya jefa makaɗa cikin sayen firgici. An warware matsalar daga baya, amma farashi ya tashi.

A wasu samfuran, kamar Twin Reverb da manyan Marshall, sai mai gyara ya yi saiti duk lokacin da aka sauya manyan bawul. A wasu kuwa, kamar Vox AC30 da Fender Champ, cirewa kawai ake yi a sa sabo.

Ƙarfi da nauyi da wutar gida

Masu sayen farko kan ruɗu da yawan wat.

Amfilifaya mai bawul ba ta fitar da gurnanin da ake nema sai an buɗe ta sosai, kuma Marshall mai wat 100 an yi ta ne a 1965 domin manyan zauruka, a zamanin da babu na'urorin yaɗa sauti masu ƙarfi.

A ƙa'idar sauti, sai an ninka ƙarfi sau 10 kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu. Saboda haka Deluxe Reverb mai wat 22 ta isa yawancin wuraren wasa, Champ mai wat 5 kuma ta isa ɗaki ko situdiyo.

Ga kuma nauyi. Twin Reverb mai wat 85 ta kai kilo 29, Deluxe Reverb kuma kilo 19.

Wanda zai shigo da irin wannan kaya Najeriya ko Nijar ko Ghana na da ƙarin abin dubawa. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta waɗannan ƙasashe kuwa 220 zuwa 240, saboda haka jona kayan Amurka kai-tsaye zai ƙona su nan take sai da na'urar rage wuta.

Hawa da saukar wutar janareto, da zafi da ƙura, da jijjigar mota a kan hanya, duk abokan gabar bawul ne. Waɗannan, tare da tsada da ƙarancin kayan gyara, na cikin dalilan da suka sa a bukukuwan Agadez, inda makaɗa irin su Bombino da Mdou Moctar suka goge a kiɗan jita, amfilifayar taransisto ce aka fi gani.

Wata ƙa'ida kuma ita ce kada a taɓa kunna amfilifaya mai bawul ba tare da an jona mata lasifika ba, domin hakan na iya kashe taransifomarta.

Ƙalubale daga kwamfuta

A 'yan shekarun nan an samu zaɓi na huɗu, wato na'urorin da ke kwaikwayon amon bawul da lissafin kwamfuta.

Line 6 ya fitar da POD a 1998, Fractal ya fitar da Axe-Fx a 2006, kamfanin Kemper na Jamus kuma ya fitar da na'urar da ke ɗaukar hoton amon kowace amfilifaya a 2011.

A 2019 Fender kansa ya fitar da Deluxe Reverb maras bawul ko ɗaya, mai nauyin kusan kilo 10.

Manyan ƙungiyoyi da dama sun koma amfani da irin waɗannan a tafiye-tafiyensu saboda sauƙin ɗauka. Masu adawa kuwa na cewa ko da kunnen mai sauraro bai bambance ba, yatsun makaɗi na jin bambanci, kuma na'urar kwamfuta kan tsufa cikin 'yan shekaru, alhali amfilifayar 1965 na nan ana gyara ta.

To wanne za a ɗauka?

Amsar ta dogara ne a kan aikin da za a yi da ita.

Mai situdiyo ko mai tara kayan tarihi, wanda ke da ƙwararren mai gyara a kusa kuma ba zai riƙa yawo da ita ba, tsohuwar ƙira ce ta dace da shi, muddin ya ware kuɗin gyara a kan kuɗin saye.

Wanda ke son tsohuwa amma aljihunsa bai kai ba, yana iya duba ƙananan Fender masu fuskar azurfa, irin su Champ da Princeton da Deluxe Reverb. Sauyin da CBS ya yi musu kaɗan ne, da hannu aka haɗa su, kuma farashinsu bai kai na masu baƙar fuska ba.

Makaɗin da ke hawa dandamali kowane mako ya fi buƙatar abin dogaro, kuma sabon zubi ne ke ba shi wannan. Sayen na hannu na rage masa kuɗi, sauya lasifika kuma kan gyara amonsa fiye da duk wani sauyi.

Wanda ya san ainihin amon da yake nema, yake son aikin hannu, kuma ba ya tunanin sayarwa nan kusa, kwaikwayo daga sanannen maƙeri zai biya masa buƙata.

Masu harkar na ba da shawarar mai saye ya je da jitarsa ya gwada da kunnensa a irin ƙarar da zai riƙa kiɗa, ya bar ta a kunne na aƙalla rabin sa'a domin wasu matsalolin sai ta yi zafi suke fitowa, ya kuma nemi mai gyara ya duba cikinta kafin ya biya.

Hausawa dai na cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida.